Ranar Hantsi a Layin Masu Hula

Layinmu gajere ne ƙwarai. Idan ka tsaya a bakinsa ta wajen kasuwa ka yi sallama, wanda ke ɗaya bakin, ta wajen titin mota, zai amsa maka ba tare da ya ɗaga murya ba. Ƙofofi goma sha ɗaya ne a cikinsa, har da ta masallaci. Ba shi da allo mai ɗauke da suna, amma duk ɗan acaɓan da ke Azare ka ce ya kai ka layin masu hula, ba zai nemi kwatance ba. A nan aka haife ni, a gida na huɗu hannun yamma, kuma duk da na daɗe da aure a wata unguwa, har yau idan na ce zan je gida, mijina ya san ba nasa nake nufi ba.

Kakana na wajen uba ne ya kawo sana'ar. Daga ƙasar Borno ya zo yana saurayi, shi da jakinsa da buhu guda cike da gumagumai, wato itatuwan nan da ake sassaƙawa da siffar kan mutum domin a ɗora hula a kai. A lokacin wurin hanyar awaki ce kawai a bayan kasuwa. Tsofaffi sun ce kwana uku ya yi yana zuwa da sassafe ya zauna har azahar bai ce wa kowa uffan ba, har aka fara zargin ko wani abu yake nema ya sata. Ashe rana yake kallo. Ya lura cewa hannun gabas babu komai sai wata garka mai gajeren danga, saboda haka tun da hantsi rana take sauka a jikin katangar yamma, ba ta ɗagawa sai ta take tsaka. A gindin katangar nan ya kafa rumfarsa. Daga baya 'yan uwa da abokai suka biyo shi daga Borno da Yobe, kowa ya yanki wuri ya yi gida, har hanyar awaki ta zama layi.

Na taso na tarar da rumfuna bakwai, ta Babana ce ta tsakiya. Aikin ba shi da wuyar kwatantawa, yinsa ne sai mai shi. A jiƙa hula, a goge ta da sabulu da burushi, a ɗauraye, a tsoma ta a sitaci, a ja ta a kan gungumen da ya yi daidai da kan mai ita, sannan a jera a rana. Idan ta bushe ƙayau sai a buge ta a goge har zaren ya ɗauki ido. Duk sauran matakan hannun mutum ne ke yinsu, bushewar ce kaɗai ba ta hannun kowa. Hular da ta sha sitaci ba ta sami rana da wuri ba, tsami take yi, idan ta kwana biyu a haka kuma funfuna ta kama ta.

Baba ba ya rubuta sunan kowa a jikin hula, kuma idan ka ba shi shawarar ya yi haka, kallon da zai yi maka ya ishe ka. Da jeri yake gane kayan mutane. Hulunan mutanen Itas da Katagum a ƙarshen arewa suke zama, na hanyar Bulkachuwa a kudu, na Gamawa suna da nasu gefe, na cikin gari kuma a tsakiya, unguwa-unguwa, gida-gida. Zanna da damanga da kube duk a haɗe, amma mutum zai zo bayan mako biyu, kafin ya gama gaisuwa Baba ya miƙa hannu ya ɗauko masa tasa.

Layin yana da nasa hali. Tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba takan ci wa baƙo rabin awa, domin rumfa bakwai gaisuwa bakwai ce, kowace da tambayar gida da gajiya da ruwa. 'Yan acaɓa da ke yanke ta cikinsa sun san dokar da ba wanda ya kafa: a kashe gudu, kada a watsa wa hular mutane ƙasa. A bakinsa ta wajen kasuwa matan Fulani suke sauke ƙwaryar nono, kuma sun fi mu sanin wanda ya yi baƙo da wanda matarsa ta yi yaji. Idan tsofaffinmu suna son su yi gulmar mai hula yana tsaye a gabansu, sai su juya harshe zuwa Barbarci suna yi masa murmushi. Zamani ya shigo mana kamar yadda ya shiga ko'ina. Katangar ƙasa ta koma ta bulo, an haƙa burtsatse kusa da masallaci, shagon cajin waya ya buɗe a inda ake sayar da goro a da. Ƙarar bugun hula ce dai ba ta sake ba, tun daga titi kake jin ta.

Mu mata kuwa, iyakarmu zaure. A cikin gida ake dama sitacin rogo, a miƙo shi a bokiti ta bayan labule. Innata ta haura shekara arba'in tana dama shi kowace asuba, amma ba ta taɓa riƙe hular wani namiji ba in ba ta mijinta ba. Ba wanda ya ce haramun ne. Haka aka tarar, haka ake yi.

Abin da zan ba da labari ya faru ne ina da 'ya'ya huɗu, ina koyarwa a wata firamare da ba ta da nisa da kasuwa. Kullum idan aka tashi nakan biya ta gida in gaishe su, in ci abincin Inna, in yi faɗan da na saba. Ni dai Allah bai ba ni haƙuri da yawa ba, kuma abin da ke cikina ba ya kwana. Baba ya sha cewa da ni aka haifa namiji, da an daɗe da korar mu daga layin.

Tsohuwar da ke da garkar nan ta hannun gabas ta rasu, magada suka sayar wa wani Alhaji mai fataucin wake da riɗi, shi ma mutumin Yobe ne da ya daɗe a Azare. Ina so a san wannan tun da wuri: mutumin kirki ne. Kafin a sari ƙasa ya zo masallacinmu da ƙullin goro, ya zauna da manyan layi bayan la'asar, ya ce bene zai gina, shaguna a ƙasa, iyalinsa a sama, idan akwai abin da zai cutar da maƙwabta a faɗa masa yanzu. Suka ce tagogi. Kada a yi tagar da za ta leƙa tsakar gidajen mutane. Ya ce wannan gaskiya ne, ya kuma tambaya ko akwai wani abu. Mutum bakwai da suke cin abinci da ranar hantsi suka kalli juna, suka ce babu komai, Allah ya sa albarka.

Da na ji, sai da na ajiye cokali. Na ce, "Baba, ranar fa? Ba wanda ya yi maganar rana?"

Ya ce, "Mutum ya sayi filinsa da guminsa, ni ne zan ce masa kada ya yi tsawo?"

"Ai shi ya tambaya!"

"Tambayar mutunci ya yi, aka ba shi amsar mutunci. Ci abincinki."

Haka gini ya tashi. Alhaji ya cika alkawari fiye da yadda aka nema, bangon da ya fuskance mu ya yi shi shafe, sai 'yan ƙananan tagogi can kusa da rufi. Kowace safiya idan ya zo duba aiki, masu hula sukan ɗaga hannu su ce Allah ya sa a gama lafiya, shi kuma ya amsa da amin har haƙoransa a waje. Suna yi masa addu'a, inuwa tana matsowa. Da aka gama hawa na farko, rana ba ta iso katangarmu sai hantsi ya yi nisa. Da aka ɗora na biyu, sai ta koma leƙowa dab da azahar, ta ɗan zauna kaɗan, ta faɗa bayan gidajenmu. Na ga Baba yana jan gumagumai zuwa tsakiyar layi yana bin ɗan hasken da ya rage, 'yan acaɓa suna kauce masa. Raina ya ɓaci ranar, har na kasa shiga gida.

Da rani an lallaɓa, domin zafin Azare ko a inuwa yana busar da abu. Damina ce ta tona asiri. Da safe garin yakan yi wasai amma mu muna cikin inuwa, da rana ta iso mu kuma sai gajimare ya rufe ta. Huluna suka fara kwana uku a kan gungume. Mutane suka fara karɓar kayansu suna sunsunawa. Ɗaya bayan ɗaya, rumfuna huɗu suka kwashe suka koma bakin tasha, inda akwai fili da rana, da hayaƙin mota. Saura uku: ta Baba, ta ƙaninsa da muke kira Baffa, da ta wani Malam a bakin layi wanda shekarunsa sun yi yawa da ƙaura. Duk wannan Alhaji yana sama da iyalinsa, yana saukowa salla sahu ɗaya da su, har hulunansa yake ba Baba. Idan suka yi jinkiri ba ya magana, ya ɗauka tsufa ne ya kama mai wankin.

A shekarar nan Babbar Salla a tsakiyar damina ta faɗo. Mako guda kafin ta, huluna suka yi ta shigowa kamar yadda aka saba, har zaurenmu ya cika. Akwai wani Arɗo, dattijo daga wani ƙauye a wajen Gamawa, da ke kawo wa Baba hula ɗaya tak sau ɗaya a shekara. Zanna ce tsohuwa da yayansa ya bar masa, ba ya sa ta sai ranar idi. Ina tsaye a bakin zaure ya zo karɓa ranar kasuwa. Baba ya cire ta daga gungume, sai ga ɗigo-ɗigon funfuna a gefenta. Arɗo ya karɓa ya juya ta a hannu, ya kai ta kusa da hanci. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi a hankali, "Malam, ko jikin ne?"

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Baba ya ce lafiyarsa ƙalau, a bar masa ita zuwa jajibere. Da Arɗo ya tafi ya shigo tsakar gida, ya zauna a kan turmi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce wa Inna, ba tare da ya kalle ta ba, idan aka sauko idi zai aika wa yaran bakin tasha su zo su kwashe gumagumai. Ya ce gara ya bari da sauran mutuncinsa, da a riƙa cewa tsohon nan ya lalata wa mutane kaya. Inna ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta ci gaba da tankaɗe. Hawaye na gani suna ɗiga a cikin garin.

Ban yi shawara da kowa ba, domin na san abin da za a ce mini. Na gyara mayafina na tsallaka layi, taku shida ne, na hau matakalar benen. Hajiya, matar Alhaji, ta karɓe ni da fara'a, ta kawo ruwa da cincin. Na yi niyyar in bi ta hanyar da ta dace, in fara da gaisuwa, in zagaya, in sako maganar kamar ba ita ta kawo ni ba. Gaisuwar kaɗai na iya.

Na ce, "Hajiya, benenku ya kashe mana layi."

Ta ajiye farantin. "Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan, Malama?"

Na zayyane mata komai, tun daga zaman kakana na kwana uku har zuwa hular Arɗo. Ina magana cike da haushi da kuma tsoron abin da na san zan tarar a gida. Ta saurara har na gama, sannan ta tashi ta shiga ciki. Jim kaɗan sai ga Alhaji ya fito da carbi a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Malama, abin da aka faɗa mini gaskiya ne? Waɗanda suka tashi, saboda ginina suka tashi?"

Na ce, "Saboda shi ne, Alhaji."

"An ce mini kasuwa suka bi."

"Rana suka bi."

Ya ja carbi. Can ya ce, "Na zauna da su. Na tambaye su sau biyu." Yadda ya faɗi maganar ya sa haushina ya sauka, domin na gane shi ma an zalunce shi. An bar shi yana cutar da maƙwabtansa sama da shekara, suna yi masa murmushi.

Ko takalmin kirki bai tsaya sawa ba, ya sauka. Na bi shi a baya, na tsaya daga nesa. Ya durƙusa a gaban rumfar Baba, babban mutum da shi, ya ce, "Malam, kullum kafaɗata tana gogar taka a sahu. Me na yi maka da ba za ka iya gaya mini ba?" Baba ya ɗago, bai kalli Alhaji ba, ni ya kalla. Ya ce babu komai, yara ne da surutu. Yara! Ina da 'ya'ya huɗu da furfura a goshi.

Alhaji dai bai bar maganar ta mutu ba. Ya ce ba zai iya rushe gini ba, amma ranar da ya tare tana nan a samansa. Saman benen siminti ne a shimfiɗe, ba a yi masa kwano ba domin ya so ya ƙara hawa ɗaya nan gaba. Ya ce ya fasa ƙarin, kuma daga yau saman na masu hula ne. Ga matakala ta waje, ga mabuɗi. Baffa har ya fara hamdala, sai Malam na bakin layi ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma wanda ya hau can, me zai gani?"

Kowa ya gane nufinsa. Daga saman benen nan tsakar gida goma ake gani tar, da madafi da makewayi da matan mutane. Su da suka hana a yi taga, ba su ne za su hau su tsaya a kan rufi ba. Baba ya ce to shi ke nan, an gode, Allah bai nufa ba. Wallahi har da wani sauƙi na ji a muryarsa, kamar wanda aka raba da rigima.

Tunda na riga na ɓata, sai na ƙarasa. Na ce daga inda nake tsaye, "Mata fa? Idan mace ta hau, wa za ta gani da ba ta saba gani ba?"

Baffa ya sunkuyar da kai yana wasa da burushi. Baba ya ce hular mutane ba ta wuce zaure, kuma ko an ɗauka, wa zai san jeri? Idan aka hautsina kayan mutum ɗari biyu ana saura kwana huɗu Salla, da wane ido zai kalli gari? A nan ne labulen zaurenmu ya motsa. Inna ce, ashe tana tsaye tun ɗazu. Ba ta fito ba, daga ciki ta yi magana, kuma da Baffa ta yi, ba da mijinta ba.

Ta ce, "Gaya wa yayanka, Itas da Katagum arewa. Bulkachuwa kudu. Gamawa gefen masallaci. Na cikin gari a fara da unguwar mahauta, gidan mai jan gemu kafin na ƙaninsa, don ƙanin ne mai babban kai."

Baffa ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Shekara arba'in tana jin su ta bayan labule, babu gidan da ba ta haddace ba. Baba bai ce a yi ba, bai kuma ce a bari ba. Tashi ya yi ya shiga masallaci, alhali ba a kira salla ba. A gidanmu wannan izini ne.

Washegari na aika makaranta cewa ina da uzuri. Tun da aka idar da sallar asuba maza suka hau wanki, mu kuma muka hau jigila. Ni da Inna, da matar Baffa, da surukar Malam, da Hajiya da kanta, wadda ta ɗaure zane ta ce ba za a yi babu ita ba. Kowace ta ɗora gumagumai huɗu ko biyar a babban faranti, ta ɗauka a ka, ta hau matakala. Gungume ba ƙaramin nauyi gare shi ba, kafin hawa na goma cinyoyina sun fara kuka. Inna ba ta jigila, sau ɗaya ta hau, tana hutawa a kowane taki saboda gwiwa, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune a tsakiyar rufi tana nuni da muciya. "Wannan can. A'a, ba nan ba, ke malamar makaranta ba ki san arewa ba?"

Ba zan manta da abin da na gani ba da na sauke farantin farko na miƙe. Rana ce ko'ina, tun ba a yi hantsi ba, fara tas, irin wadda na sani ina yarinya. Ga rumfunan kasuwa, ga hasumiyoyin masallatai, ga gonakin gero kore shar a bayan gari. An haife ni a tsakiyar Azare amma ban taɓa ganin ta ba sai ranar. Simintin kuma ya ɗauki zafi yana busar da hula ta ƙasa, rana tana yi ta sama. Kafin azahar matar Baffa ta ƙwanƙwasa wata damanga da yatsa, ta yi ƙara. Ta rangaɗa guɗa, mu ma muka kama, har matan Fulani da ke bakin layi suka miƙe suna tambayar wa ya haihu.

A kwana na biyu muka gano wani abin da ko kakana bai samu ba. Wajen sha ɗaya surukar Malam ta nuna gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. A ƙasa ba wanda ya san da shi, maza suna ta bugu hankali kwance. A da sai iska ta taso suke ankara, a yi ta guje-guje, rabi ya jiƙe. Mu kuwa a nitse muka kwashe komai zuwa ƙarƙashin rumfar matakala, jeri bai ɓaci ba, har muka zauna muka ci gyaɗa kafin ɗigon farko ya sauka. Na leƙa na ƙwala wa Baffa kira ya shigar da sabulunsa. Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya kalle ni, ya ce yau kuma mata ne ke ba da labarin ruwa.

Duk kwanakin nan Baba bai yi mini magana ba. Idan na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Idan na zo ɗaukar faranti, sai ya tura shi da ƙafa ya juya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na san a ganinsa na tsiraita shi a gaban maƙwabci, na nuna wa duniya cewa yana da buƙata. Ni kuma ban ga laifina ba, kuma ban yi niyyar ba da haƙurin ƙarya ba. Halinsa ne a jikina, shi ya sa muka kasa.

Ranar jajibere layin ya cika maƙil da masu karɓa. Muna sauko da kaya faranti-faranti yadda Inna ta jera, Baba yana miƙawa, ba hula ɗaya da ta je hannun da ba nata ba. Arɗo ya zo da la'asar. Sau biyu Baba ya wanke masa zannar nan, Inna kuma ta ajiye ta a gefen kujerarta tana juya ta da kanta. Ya karɓa, ya duba gefen da funfuna ta kama, ya kai hanci. Sai ya cire rawanin da ke kansa a tsakiyar layi ya ɗora ta, ya ce ba zai iya jira sai gobe ba. Ina daga kan matakala na ga Baba ya sunkuya yana gyara gumagumai da ba su buƙatar gyara.

Aka yi Salla, aka ci nama, aka gama. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, domin Baba bai janye maganarsa ba, kuma shi mutum ne da idan ya furta abu ko zai cuce shi sai ya cika. Kullum na shigo layi sai na fara duba ko gumagumai suna nan. Na tambayi Inna, ta ce ita ma bai ce mata komai ba.

Kwana shida bayan Salla na taso daga makaranta, na tarar da shi tsaye a gindin matakalar benen, shi da Alhaji da wani mai walda riƙe da abin awo. Na rage tafiya. Baba yana nuna gefen matakalar da sandarsa, tun daga ƙasa har sama. Alhaji yana cewa a bar masa wannan, Baba yana cewa a'a, wannan nasa ne. Ya hango ni sarai, sai ya ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata.

Ya ce wa mai waldan, "Ƙarfe mai kauri za ka sa, wanda mutum zai dafa da ƙarfinsa. Kada ka yi mini na kwana biyu. Tsohuwar nan za ta daɗe tana hawa."

Na tsaya a tsakiyar layi da jakar littattafai a kafaɗa, na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Ya juyo ya harare ni.

Ya ce, "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Akwai faranti biyu a zaure tun ɗazu, rana tana wucewa."

Na ajiye jakar a kan tabarmarsa, na je na ɗauka.